Girkin Asiya a kicin ɗin Legas: abin da za ki dafa da kanki, da abin da ya fi kyau ki yi oda

Bidiyon girki na minti ɗaya da ke yawo a TikTok da Instagram ba ya nuna ƙarfin wutar da ke ƙarƙashin kaskon, ba ya nuna yadda aka tsane kayan kafin su shiga mai, ba ya kuma nuna cewa an gama duk yanke-yanke da aune-aune tun kafin a kunna murhu. Shi ya sa uwargida za ta bi bidiyon tiryan-tiryan, ta kashe kuɗi a kan kwalabe, amma shinkafar ta caɓe, naman ya yi tauri, kabejin ya saki ruwa. Da wuya laifin ya zama na kayan haɗi. Kusan duk abin da girkin Sinawa na yau da kullum ke buƙata muna da shi, wani ma daga wajenmu ake lodinsa zuwa can: riɗin Jigawa da Nasarawa da Binuwai, da cittar Kudancin Kaduna. Abin da ake koyo shi ne sarrafa wuta da ruwa, da sanin me ke shiga kasko kafin me.

Kwalaben da suka wajaba

Kada ki fara da cika kabad. Kwalabe huɗu sun isa girki mai yawa. Ta farko ita ce soya sos mai haske, wadda ke ba da gishiri da ɗanɗano. Ta biyu soya sos mai duhu, wadda ta fi kauri, aikinta launi ne, ƙaramin cokali ɗaya kan isa kasko guda. Wanda ya musanya su ya zuba mai duhun da babban cokali biyu zai ga abincinsa ya yi baƙi ƙirin da ɗan ɗaci. Ta uku oista sos, mai kauri da ɗan zaƙi, ita ce ke ba miyar nama sheƙin nan da kike gani a gidajen abinci. Ta huɗu man gasasshen riɗi, mai launin ruwan zuma. Ba a suya da shi, ana ɗiga shi ne bayan an kashe wuta, domin zafi na kore ƙamshinsa. Man riɗin da ake sayarwa don shafawa ko magani ɗanye ne, ba shi da wannan ƙamshin. Idan ba ki samu gasasshen ba, ki soya riɗi a busasshen kasko har ya yi ja, ki daka shi sama-sama ki barbaɗa a ƙarshe.

Ana samun waɗannan a manyan kantunan Ikeja da Victoria Island da Lekki, da shagunan Caina Tawun da ke Ojota. Kayan ƙamshin Indiya kuwa, Ilupeju ce cibiyarsu. Ki duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar NAFDAC, ki kuma juya kwalbar ki karanta jerin abin da ke ciki. Soya sos ta gaske waken suya ne da alkama da gishiri da ruwa. Idan kika ga launi da sinadarin ɗanɗano ne a sahun gaba, ruwan gishiri ne aka rina.

Sauran duk na kasuwa ne. Mile 12 na da lawashi, kabeji, karas, koren tattasai, koren wake, tafarnuwa da ɗanyar citta. Kwanfulawa da bekin soda suna kowane shagon kayan kek. Farin magi da muka sani tun muna yara shi ne dai sinadarin da Sinawa da Japanawa ke sa wa girkinsu, wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano shi a 1908. Ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka ya isa. Awara kuma ita ce tofu, ba wani bambanci sai na tauri.

Bidiyoyi da yawa za su ce a zuba Shaoxing, ko mirin, ko sake. Duka ukun giyar shinkafa ce. Ki maye gurbinsu da romon kaza babban cokali biyu da ruwan khal rabin ƙaramin cokali. Idan mirin ne ki ƙara ɗan suga. Ɗanɗanon ba zai zo daidai da na asali ba, amma citta da tafarnuwa za su kashe ƙarnin naman, wanda shi ne babban aikin giyar a girkin. Ita kanta soya sos da aka bari ta tsimu tana ɗauke da ɗan burbushin barasa daga tsimuwar. Malamai sun yi magana a kai, wanda yake son kwanciyar hankali ya nemi mai tambarin halal na Malesiya ko Indonesiya, ana kawo su.

Wuta da kasko

Murhun gidan abincin Sinawa yana ninka na gida ƙarfi sau da yawa, ba za ki kamo shi ba, kuma ba sai kin kamo shi ba. Dabarar ita ce rage yawan abin da ke cikin kasko. Abinci mai sanyi idan ya yi yawa yana kashe zafin ƙarfen, ruwan da ke jikinsa ya kasa ƙonewa ya taru a ƙasa, suya ta koma dahuwa. A murhun gas na gida kada ki wuce abincin mutum biyu a zubi ɗaya. Gidan mutum shida, suya uku ke nan, kowace ba ta wuce minti biyar. Ki lura da mai shayin bakin titi a Agege ko Obalende: ko layi ya kai ina, Indomie ɗin mutum ɗaya ko biyu yake soyawa a lokaci guda, a kan wuta mai ƙarfi, hannunsa ba ya tsayawa.

Baƙin kaskon ƙarfe mai zurfi irin na suyar ƙosai shi ne mafi kusa da wok, kaskon suyar Sinawa. Idan sabo ne ki wanke shi, ki ɗora a wuta ya bushe, ki shafe shi da mai kaɗan ki bari ya yi hayaƙi, ki goge, ki maimaita sau biyu ko uku. Kasko mai rufin da ke hana abinci kamawa kuwa, ba a barinsa a wuta mai ƙarfi babu komai a ciki, rufinsa na lalacewa, don haka bai dace da wannan suyar sosai ba. Kurfoti mai gawayi da ya ruru ja yana ba da zafi fiye da gas ɗin gida da yawa, sai dai ba a iya rage shi, sai a ɗaga kaskon. Murhun lantarki mai faranti shi ne mafi rauni, musamman idan wuta ta zo ba ƙarfi.

Kasko ake fara zafafawa, sai ya fara ɗan hayaƙi, sannan mai ya shiga, sannan abinci nan take. Ki yi amfani da tataccen man gyaɗa ko na waken suya. Man ƙuli na gida yana da daɗi amma yana saurin hayaƙi da kumfa, manja da man shanu kuwa za su danne ɗanɗanon gaba ɗaya.

Soyayyar shinkafa

Wannan ba firai rais ɗin biki ba ce da ake dafawa cikin romo da kori da tayim da hanta. Farar shinkafa ce da aka dafa daban, ta huce, ta bushe, sannan a soya ta. Duk nasarar tana wajen bushewar.

Shinkafar da muka saba ci, wadda aka turara kafin a sheme ta, tana da sauƙin sha'ani domin ba ta cika dunƙulewa ba, sai dai ba ta da ƙamshi kuma ƙwayarta ta fi tauri. Jasmin ta ƙasar Tailan ita ce ke ba da ɗanɗanon gidan abinci. Basmati ma tana yi. Kowacce kika ɗauka ki wanke ta har ruwan ya yi haske, ki rage ruwan dahuwa da kamar kashi ɗaya cikin biyar na yadda kika saba. Jasmin kofi ɗaya ruwa kofi ɗaya ya ishe ta. Kada ki sa mai, kada ki sa gishiri.

Littattafan girki za su ce a kwanar da ita a firij. Wannan shawara ce ga mai tsayayyar wuta. Dafaffiyar shinkafa na ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda dahuwa ba ta kashe ƙwanta. Idan shinkafar ta daɗe cikin ɗumi sai ta hayayyafa ta saki guba, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe gubar. A zafin Legas, shinkafar da ta kwana cikin kula ko cikin firij ɗin da aka ɗauke wa wuta tun tsakar dare ba abin soyawa ba ce. Idan ba ki amince da wutar unguwarku ba, ki dafa a ranar, ki baza ta a faffaɗan tire kaurinta bai wuce yatsa ɗaya ba, ki sa a gaban fanka minti 30 zuwa 45, ki juya ta sau ɗaya. Idan kika damƙa ta watse ba ta manne a tafin hannu ba, ta yi. Da damina iskar Legas jiƙe take, fanka ta zama dole.

Na mutum biyu: dafaffiyar shinkafa kofi uku, ƙwai biyu, mai babban cokali uku, tafarnuwa ƙwaya uku a yanka ƙanana, lawashi guda uku a raba farin da koren, ƙaramin karas ɗaya a yanka shi kamar girman ƙwayar masara, soya sos mai haske babban cokali ɗaya da rabi, farin masoro ko baƙi kaɗan, man riɗi ƙaramin cokali ɗaya. Idan da kaza ko jatan lande, giram 150, a soya daban tun farko a ajiye.

Ki murtsuke shinkafar da hannu kafin ki kunna wuta, kada dunƙule ko ɗaya ya rage. Ki zafafa kasko, mai cokali ɗaya, ki zuba kaɗaɗɗen ƙwai, daƙiƙa 20 kina juyawa, ki kwashe tun yana da ɗan danshi. Ki ƙara sauran man, karas ya yi minti ɗaya, sai farin lawashi da tafarnuwa daƙiƙa 15 kacal, domin tafarnuwa na ƙonewa nan da nan ta yi ɗaci. Shinkafa ta shiga. Ki baza ta ta rufe kaskon, ki ƙyale ta daƙiƙa 20 zuwa 30, ki juya, ki sake bazawa. Haka za ki yi ta yi kamar minti uku, har kin ji ƙwayoyin suna ɗan tsalle suna ƙara. Wannan ƙarar ita ce shaidar ruwan ya ƙone. Sai ki zuba soya sos ta gefen kaskon, ta gangara kan ƙarfe mai zafi kafin ta taɓa shinkafar. A nan take ɗan ƙonewa ta ba da ƙamshin hayaƙi, idan kuwa a tsakiya kika zuba, jiƙa shinkafar kawai za ta yi. Ki mayar da ƙwai da nama, ki juya minti ɗaya, ki kashe wuta, koren lawashi da man riɗi su shiga.

Idan ta caɓe, ko shinkafar ba ta bushe ba ko kin cika kasko. Idan ta kama, kaskon bai yi zafi ba kafin mai ya shiga. Idan gishiri ya yi yawa, kin haɗa soya sos da dunƙulen magi da gishiri kamar yadda hannu ya saba. Babban cokali ɗaya na soya sos na ɗauke da sodiyam kusan miligiram 900, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babba ya kai miligiram 2,000 a yini. Mai hawan jini ya kula da wannan. Daskararrun kayan lambu na leda suna sakin ruwa sosai, sai an narkar da su an tsane a kan tawul ɗin takarda.

Yadda nama ke laushi

Naman shanunmu ya fi wanda ake nunawa a bidiyo tauri. Shanun kiwo ne da suka sha tafiya, kuma ana sayar da naman ranar da aka yanka, ba a rataye shi kwanaki ya saki ba. Suyar minti biyu ba za ta tausasa shi ba sai da taimako. A mayankar Oko-Oba da ke Agege ko wajen mahaucin unguwa, ki ce a ba ki tsoka zalla irin wadda masu tsire ke saya, marar jijiya. Ki sa ta a firiza minti 30 zuwa 40 ta ɗan ƙage, za ta fi yankuwa. Ki duba yadda zaren naman ya miƙe, ki yanka a gicciye, kaurin kamar milimita uku. Wanda ya bi tsawon zaren ya yanka, ko me ya zuba naman zai yi ta jan haƙori.

Ga nama giram 300, bekin soda rabin ƙaramin cokali da ruwa babban cokali biyu, ki cakuɗa ki bari minti 20 zuwa 30. Sodar na hana tsokar ƙanƙancewa ta matse ruwanta idan ta ji wuta. Ki wanke shi sosai, ki tsane har ya bushe. Idan sodar ta yi yawa ko ta wuce lokaci, naman zai yi santsi da ɗanɗanon sabulu. Bekin foda daban ce, ba ta yin wannan aikin yadda ya kamata. Ƙirjin kaza minti 15 ya ishe shi, cinya ba ta ma buƙata. Bayan nan ki zuba soya sos babban cokali ɗaya, kwanfulawa ƙaramin cokali biyu, mai babban cokali ɗaya, ki murza ki bari minti 10. Kwanfulawar ce ke yi masa lulluɓi mai santsi, man kuma na hana yankan mannewa da juna.

Ki haɗa ruwan miya a kofi tun kafin wuta: soya sos mai haske babban cokali biyu, oista sos babban cokali ɗaya, mai duhu ƙaramin cokali ɗaya, suga ƙaramin cokali ɗaya, ruwan khal ƙaramin cokali ɗaya, romo ko ruwa mililita 100, kwanfulawa ƙaramin cokali biyu. Ki baza naman a kasko mai zafi falle ɗaya, kada ki taɓa shi na minti ɗaya ya yi ja, ki juya daƙiƙa 30, ki kwashe. Albasa da koren tattasai manyan yanka su yi minti biyu, sai citta da tafarnuwa da attaruhu rabi, sai nama ya dawo. Ki sake motsa ruwan miyar domin kwanfulawa na kwantawa a ƙasan kofi, ki zuba, da ya tafaso ya yi sheƙi cikin daƙiƙa 30 ki sauke. Idan kika bar shi yana ta tafasa kaurin zai sake tsinkewa. Wannan haɗin ɗaya yana yi wa kaza, jatan lande, da awarar da aka soya ta yi ɓawo.

Man barkono da taliyar yayi

Man barkono mai garas-garas shi ne abin da ya fi cika bidiyoyi, kuma yin sa a gida ya fi saye araha nesa ba kusa ba. Inda ake faɗuwa shi ne barkonon. Na Sinawa da na Koriya da ake nunawa launinsa ya fi yajinsa, ƙananan barkononmu kuwa wuta ne. Wanda ya auna namu da ma'aunin bidiyo ba zai iya cin abin da ya haɗa ba. Ki haɗa busasshen tattasai kashi uku da busasshen barkono kashi ɗaya, ki daka sama-sama, kada ya zama gari.

Mai mililita 250, dakakken haɗin babban cokali biyar, riɗi babban cokali ɗaya, gishiri da suga ƙaramin cokali ɗai-ɗai, tafarnuwa ƙwaya takwas da ƙaramar albasa a yanka siri-siri, ɓallin kirfa ɗaya, kanumfari uku, dakakkiyar soyayyar gyaɗa babban cokali biyu. Ki zuba albasa da kirfa da kanumfari cikin man tun yana sanyi, a kan wuta kaɗan, bayan minti 10 tafarnuwa ta bi, har kumfar ta lafa su yi ruwan zinare. Ki tsame su tun launin bai kai yadda kike so ba, suna ci gaba da duhu bayan an kwashe. Barkono da riɗi da gishiri da suga su jira a kwanon ƙarfe, ba roba ba, ba gilas mai sanyi ba. Zafin man ya kasance tsakanin digiri 130 da 150. Idan babu ma'auni ki jefa ɗan ɓarɓashin barkono, ya yi shuu a hankali yana riƙe da jansa. Idan ya yi baƙi nan take ki jira minti uku. Ki zuba man kashi biyu ko uku kina juyawa. Sai ya huce sannan albasa da tafarnuwa da gyaɗa su koma ciki. Ɗanyar tafarnuwa cikin mai a ɗaki mai zafi haɗari ce, tana iya haifar da guba mai tsanani, don haka sai ta soyu ta bushe ƙarau, a adana a firij, a riƙa ɗiba da busasshen cokali.

Da wannan man, taliya aikin minti biyar ce. Indomie dama asalinta ta Indonesiya ce, ana yin ta a Ota ta Jihar Ogun tun tsakiyar shekarun 1990. Ki dafa ƙulli biyu minti biyu kawai, ki tace, ki ajiye garin ɗanɗanon ko ki sa rabin ɗaya. A kwano ki haɗa man barkono babban cokali ɗaya, soya sos babban cokali ɗaya, ruwan khal ƙaramin cokali ɗaya, tunkuza ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa babban cokali ɗaya, da ruwan dahuwar taliyar babban cokali uku, ki juya taliyar a ciki. Idan sufageti ce a gida, ki sa bekin soda ƙaramin cokali biyu a kowace lita ta ruwan dahuwa, za ta yi rawaya da danƙo irin na ramen, taliyar romo ta Japan. Tukunyar ta zama babba domin yana kumfa, ki kuma ɗauraye bayan tacewa. Taliyar Koriya mai tsananin yaji da matasa ke gasar ci, akwai mai tambarin halal a jikin leda akwai marar shi, a duba kafin a biya.

Abin da ya fi kyau a saya

Sushi mai ɗanyen kifi ba aikin gida ba ne a nan. Kifin da ake ci ɗanye sai an daskarar da shi a sanyin da firizar gida ba ta kaiwa, kuma sanyin bai yanke ba tun daga ruwa. Kifin kasuwar Makoko ko ta Epe, komai sabuntarsa, na dahuwa ne. Gasasshiyar agwagwa irin ta Beijin, ƙananan ƙulle-ƙullen dim sam, da burodin Indiya mai suna naan da ake mannawa a bangon tanda mai tsananin zafi, duk sun fi kyau daga hannun masu kayan aikinsu. Yin oda kuma yana da wani amfani: da wuya ki dafa abin da ba ki taɓa ɗanɗanawa ba ki san ko kin dace.

Gidajen abincin Asiya a Legas iri-iri ne. Akwai na Sinawa da suka daidaita girkinsu da bakin 'yan Najeriya, miya mai yawa da yaji, su ne suka fi yawa a Ikeja da Surulere da cikin manhajoji irin su Chowdeck da Glovo. Akwai waɗanda Sinawan da kansu ke ci, inda naman alade ke ko'ina a jerin abinci. Akwai na Indiyawa a Ilupeju da Victoria Island, waɗanda rabin jerinsu ba nama ko kaɗan, su ne mafi sauƙi ga mai taka-tsantsan. Na Japan da Koriya da Tailan sun fi yawa a Victoria Island da Ikoyi da Lekki, sun kuma fi tsada.

Kada ki dogara da sunan abinci a manhaja, ki kira gidan. Ki tambaya ko suna dafa alade a kicin ɗin, ko kasko da man suya ɗaya ne, ko suna sa giyar girki a miya, da kuma inda suke sayen kaza da nama. Tambayar giyar ta fi muhimmanci domin ba a rubuta ta, kuma ko abincin kifi da na ganye ana ɗiga musu ita. Akwai sunayen da asalinsu da alade ake yi: char siu gasasshen alade ne, yana shiga shinkafar da ake kira Yangzhou ko ta musamman, da taliyar Singapo, wonton da gyoza galibi da niƙaƙƙen alade ake cusa su, romon tonkotsu ƙashin alade ne zalla. Teriyaki na Japan kuwa da mirin da sake ake haɗa miyarsa. Idan wanda ya ɗauki wayar yana kame-kame, ki nemi wani gidan. Mai rashin jituwa da gyaɗa ko jatan lande ko alkama ya faɗa tun a waya, domin suna ɓoye cikin miyar Tailan da ta Sinawa da yawa.

Nisa ma abin lissafi ne. Abincin da ya taso daga Victoria Island zuwa Agege da yammacin Juma'a, ya hau gadar Third Mainland cikin cunkoso, zai iso a wani hali daban. Ki zaɓi gidan da ɗan aike zai iso cikin minti 30 zuwa 40, ki yi oda kafin ƙarfe huɗu ko bayan cunkoso ya lafa. Biryani, kori, miyar wake ta dal, soyayyar shinkafa da naman cikin miya suna jure tafiya. Duk abin da aka soya ya yi ƙarau, sifirin rol da kaza mai zaƙi da tsami da tempura, tururin cikin roba na jiƙa shi cikin minti 15. Ki ce a zuba miyar daban, a ɗan huda murfin. Taliyar romo a raba romon da taliyar, in ba haka ba ta shanye shi ta kumbura. Ki kuma tuna kuɗin da ke jerin abinci sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba, akwai harajin VAT kashi 7.5 da harajin cin abinci na Jihar Legas kashi 5, ga kuɗin mazubi da na kawowa.

Idan don koyo kika yi odar, ki haɗa da farar shinkafa, ki ɗanɗani kowane abu shi kaɗai kafin a cakuɗa a faranti, kafin kuma a kawo yajin gida. Ki duba kaurin yankan naman da girman kayan lambun, ki ga ko miyar ta kama bayan cokali ko tana zuba, ki lura da wanne ya fara zuwa harshe tsakanin gishiri da zaƙi da tsami. Tsamin pad tai na Tailan tsamiya ce, za ki gane ta. Ɗan dirin da kung pao, girkin kaza na Sinawa, ke sa wa leɓe ba yaji ba ne, masoron Sicuwan ne, wanda dangi ɗaya ne da fasa-ƙwarin da ake sa wa yaji. Man da ya taru a gindin robar zai nuna miki yawan man da gidan ke zubawa, za ki iya rage kashi ɗaya cikin uku a naki ba tare da ɗanɗano ya ragu ba.

Ragowar ta shiga firij cikin awa ɗaya da isowa, a cinye washegari, a ɗumama sau ɗaya tak har tururi ya tashi daga tsakiya. Shinkafa da taliya a kasko za ki ɗumama su da ruwa babban cokali ɗaya, sifirin rol a busasshen kasko kan wuta kaɗan ko a oben minti biyar. Sushi ba ya kwana, abin da ba a ci a zaman ba zubarwa ake yi.